Daga Charminar zuwa Delhi: yadda muryar Asaduddin Owaisi ta fi ƙuri'unsa nisa

Majalisar wakilan Indiya, wadda ake kira Lok Sabha, tana da kujeru 543, kuma a zaɓen 2024 jam'iyyar AIMIM, wadda aka fi sani da Majlis, ta samu kujera 1 tak daga cikinsu. Duk da haka, idan aka tambayi mutumin Indiya ya ambaci ɗan siyasa Musulmi da ya fi kowa suna a ƙasar a yau, da wuya ya tsallake mai riƙe da wannan kujera, wato Asaduddin Owaisi, wakilin birnin Haidarabad. Wannan tazara da ke tsakanin girman sunansa da ƙarancin kujerunsa ita ce abin dubawa a tarihin siyasarsa. Ya shekara 10 a majalisar dokokin jiha kafin ya wuce majalisar ƙasa a 2004, kuma a ganina wannan tafiya ta kai muryarsa kowane lungu na Indiya, amma ƙarfinsa na gaske bai taɓa barin tsohon birnin da ya fito ba.

Kafin a gane abin da ya canja a wannan tafiya, dole a san yadda aka raba iko a ƙasar. Indiya tana bin tsarin firaminista, irin wanda Najeriya ta yi a Jamhuriya ta Farko, saboda haka gwamnati daga cikin majalisa take fitowa, a tarayya da kuma a jihohi. A kowace jiha, jam'iyyar da ta fi rinjaye a majalisar dokoki ita ke ba da babban minista, shi ne kuma mai gudanar da mulki, gwamna kuwa naɗa shi ake yi daga Delhi. Kundin tsarin mulki ya bar 'yan sanda, tsaron cikin gari, filaye, asibitoci da ƙananan hukumomi a hannun jiha, ya ba tarayya tsaron ƙasa, hulɗa da ƙasashen waje da batun zama ɗan ƙasa, sannan ya ware wasu al'amura kamar aure da saki da dukiyar wakafi waɗanda ɓangarorin biyu ke iya yi wa doka, amma idan dokokinsu suka ci karo ta tarayya ce ke rinjaye. Ma'anar wannan ita ce, ɗan majalisar jiha shi ke kusa da abin da ke damun talaka kullum, daga magudanar ruwa zuwa ɗansa da aka tsare a ofishin 'yan sanda, ɗan majalisar ƙasa kuwa yana zaune ne a inda ake yanke hukunci kan matsayin al'umma baki ɗaya, ko da ba shi da ikon gyara famfon unguwarsu.

Jam'iyyar da Owaisi ya gada ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma tana ɗauke da tarihi mai nauyi. An kafa Majlis-e-Ittehadul Muslimeen a 1927, lokacin da Haidarabad take masarauta mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Turawan Ingila, sarkinta Musulmi mai laƙabin Nizam, mafi yawan talakawanta kuwa mabiya addinin Hindu. Da Indiya ta samu 'yancin kai a 1947, Nizam Mir Osman Ali Khan ya ƙi shiga cikinta, shugaban Majlis na lokacin, Qasim Razvi, ya tara dakarun sa-kai da ake kira Razakar, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen cin zarafin 'yan Hindu a ƙauyuka. A watan Satumba na 1948 sojojin Indiya suka shiga, cikin kwanaki 5 masarautar ta faɗi, aka kuma yi wa Musulmi kisan ramuwar gayya, wanda kwamitin Sunderlal da gwamnatin firaminista Nehru ta tura ya ƙiyasta cewa ya ci rayuka tsakanin 27,000 zuwa 40,000. An haramta Majlis, an ɗaure Razvi, da aka sake shi a 1957 ya miƙa ragowar ƙungiyar ga wani lauya mai suna Abdul Wahed Owaisi, ya tafi Pakistan. Wannan lauya, kakan Asaduddin, shi ya sake rubuta dokokin ƙungiyar don su dace da kundin tsarin mulkin Indiya, ya mayar da ita jam'iyyar neman ƙuri'a. Har gobe abokan hamayya ba su daina jifan gidan da sunan Razakar ba, amsar da Asaduddin ke bayarwa kuwa ba ta canjawa: masu wancan ra'ayi sun ƙaura Pakistan, waɗanda suka zauna su ne suka zaɓi Indiya.

Mahaifinsa, Sultan Salahuddin Owaisi, shi ya fara bin hanyar da ɗan ya bi daga baya. Ya fara da kansila, ya shiga majalisar jihar Andhra Pradesh a 1962, sannan ya ci kujerar Haidarabad a Lok Sabha a 1984, ya riƙe ta har sau 6 a jere. An haifi Asaduddin a ranar 13 ga Mayu, 1969, ya yi digiri a Kwalejin Nizam da ke Haidarabad, ya karanta aikin lauya a Lincoln's Inn da ke Landan. Mai wannan asali ba ya shiga siyasa da ƙafa, a kan doki yake shiga, sai dai shekarar da ya shiga ba ta yi wa gidansu daɗi ba.

Bayan rushe Masallacin Babri a ranar 6 ga Disamba, 1992, ɗaya daga cikin jiga-jigan jam'iyyar, Amanullah Khan, ya zargi Salahuddin da sanyin jiki da kuma mayar da jam'iyya kayan gado, ya ɓalle ya kafa tasa mai suna Majlis Bachao Tehreek. A zaɓen jiha na 1994 masu ɓallewar suka ci kujeru 2 a tsakiyar yankin da ake ganin ba mai taɓa Majlis, ita kuwa uwar jam'iyyar ta tsira da kujera 1 cikin 294, kuma wannan kujerar ita ce ta Charminar, wadda Asaduddin, yana ɗan shekara 25, ya ci a takararsa ta farko. Saboda haka ya soma aikin majalisa shi kaɗai a jam'iyyarsa, a zauren da jam'iyyar Telugu Desam ta cika maƙil, kuma wannan zama na kaɗaici shi ne zai sake tarar da shi a Delhi. A 1999 ya sake cin Charminar, ƙanensa Akbaruddin ya kayar da Amanullah Khan a Chandrayangutta, kujerun jam'iyyar suka koma 4, tawayen cikin gida ya rasa ƙarfinsa.

Abin da waɗannan shekaru 10 suka koya masa ba a zauren majalisa kaɗai yake ba. Mazaɓar Charminar ta samo sunanta ne daga ginin nan mai hasumiya 4 da Muhammad Quli Qutb Shah ya gina a 1591, kewaye da shi kuwa lunguna ne matsattsu, da kasuwannin awarwaro da turare da lu'ulu'u, da gidajen da iyalai da yawa ke cunkushe a ciki. A irin wannan wuri ba a yaƙin neman zaɓe da jerin gwanon motoci, da ƙafa ake bi gida-gida, kuma har yau haka Owaisi ke yi, sanye da doguwar rigarsa ta sherwani da hula, yana tsayawa a ƙofar shago yana sauraron koke. Hedikwatar jam'iyyar, Darussalam, ita ce zuciyar aikin. A can 'yan majalisar jiha da kansilolin jam'iyyar ke zama a ranakun aiki, jama'a na shigowa da takardu a hannu, wannan yana neman a sa baki a rikicin fili, wancan yana neman gado a asibiti, wata tana neman a yi wa jami'in hukumar ruwa magana, kuma sau da yawa a gaban mai koken ake ɗaga waya a kira jami'in da abin ya shafa. A gefe guda gidan ya gina cibiyoyi da suka haɗa da kwalejin likitanci da ta injiniya masu suna Deccan, da Asibitin Owaisi, da bankin haɗin gwiwa na Darussalam, da jaridar Urdu mai suna Etemaad. Wanda ya samu gurbin karatu ko aiki ko magani ta wannan hanya, ba sai an tuna masa wa zai zaɓa ba.

Duk wannan hidima ta dogara ne da abu guda, wato jami'in gwamnatin jiha ya ɗauki wayar idan an kira shi. Shi ya sa Majlis, duk zafin kalamanta, ba ta cika daɗewa tana gaba da mai mulkin jihar ba, ko wane ne shi. Wannan darasi ne na majalisar jiha, kuma Owaisi ya tafi da shi Delhi bai yar ba.

A 2004 rashin lafiya ya sa Salahuddin ya janye, ɗansa ya tsaya a kujerar Haidarabad ya ci da ratar ƙuri'u kimanin 100,000. Tun daga nan aka raba aiki a gidan: Akbaruddin ya zama jagoran jam'iyya a majalisar jiha, Asaduddin ya zama fuskarta a ƙasa, da mahaifinsu ya rasu a watan Satumba na 2008 kuma shugabancin jam'iyyar ya dawo hannunsa. A wannan shekarar ce aka yi wani canji da ba a cika ambatonsa ba, alhali ya fi jawabai da yawa tasiri a kan makomarsa. A da, mazaɓar Haidarabad ta haɗa da yankunan karkara irin su Tandur, Vikarabad da Chevella, inda Musulmi ba su da yawa, abin da ya sa jam'iyyar BJP mai ra'ayin kishin Hindu ta riƙa sa ran ƙwace ta, har ta taɓa tsayar da Venkaiah Naidu a 1996, mutumin da daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Da hukumar shata mazaɓu ta sake zana iyakoki a 2008, sai aka cire karkarar, mazaɓar ta zama ta cikin birni zalla mai ƙananan mazaɓun jiha 7, waɗanda 6 daga cikinsu suke hannun Majlis, Goshamahal ce kaɗai ta fita zakka. Ratar nasararsa ta riƙa ƙaruwa zaɓe bayan zaɓe, ta haura 200,000 a 2014, ta kai sama da 338,000 a 2024 lokacin da ya kayar da Madhavi Latha ta BJP.

Kujerar da ba ta girgiza tana ba mai ita wani 'yanci da mafi yawan 'yan majalisar Indiya ba su da shi. Tun 1985 akwai dokar hana sauya sheƙa, wadda ta tanadi cewa ɗan majalisar da ya bijire wa umarnin jam'iyyarsa wajen kaɗa ƙuri'a yana iya rasa kujerarsa. Musulmin da aka zaɓa a ƙarƙashin jam'iyyar Congress ko Samajwadi ko Trinamool yana da shugabanni da ke lissafin ƙuri'un 'yan Hindu, kuma sukan fi so ya yi shiru idan an zo kan batutuwa masu zafi, shi ma yana tsoron kada a hana shi takara a zaɓe na gaba. Owaisi shi ne jam'iyya, shi ne mai ba da umarni, ba kuma ya buƙatar ƙuri'ar kowa a wajen tsohon birni. Ga shi kuma wakilcin Musulmi ya yi ƙasa: ƙidayar 2011 ta nuna su ne kashi 14.2 cikin 100 na al'ummar ƙasar, mutum kimanin miliyan 172, amma 'yan majalisa Musulmi 24 ne kawai aka zaɓa a 2024, alhali a 1980 sun kai 49. Idan masu magana suka yi kaɗan, kuma akasarinsu an ɗaure musu baki, wanda nasa yake sake dole a ji shi.

Lokacin magana a Lok Sabha ana raba shi ne gwargwadon yawan kujerun jam'iyya, don haka mai kujera 1 'yan mintuna yake samu. A nan karatun lauya ya yi masa rana. Yakan shigo da sassan kundin tsarin mulki da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli a shirye, ya jera su da sauri cikin Turanci ko Urdu kafin a kashe masa makirufo, sannan a yanko jawabin ya bazu a wayoyin mutane kafin a tashi daga zaman. A watan Disamba na 2019, da ake muhawara kan ƙudirin gyaran dokar zama ɗan ƙasa, wanda ya sauƙaƙa wa 'yan gudun hijira daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan samun takardar zama 'yan ƙasa amma ya cire Musulmi daga ciki, ya yaga kwafin ƙudirin a gaban majalisa, yana mai cewa ya saɓa wa tanadin daidaito. Ya yi adawa da dokar 2019 da ta mayar da saki uku a lokaci guda laifi mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 3, hujjarsa kuwa ita ce tunda Kotun Ƙoli ta riga ta ce irin wannan saki bai auku ba tun 2017, ɗaure mijin zai bar matar da aure a kanta ba mai ciyar da ita. A 2025 ya yi tsayin daka kan dokar da ta sauya tsarin kula da dukiyar wakafi, ta kuma buɗe ƙofar sa waɗanda ba Musulmi ba a hukumominta. A watan Satumba na 2023, da aka kawo dokar ware wa mata kashi ɗaya bisa uku na kujerun majalisa, 'yan majalisa 454 suka amince, 2 suka ƙi, wato shi da abokinsa na jam'iyya Imtiaz Jaleel, saboda ba a keɓe wa matan Musulmi da na al'ummomin da aka bari a baya wani kaso ba.

Sai dai a lura, duk waɗannan dokoki sun wuce. Ba ƙudiri ɗaya daga cikinsu da jawabinsa ya tsayar, domin a tsarin firaminista gwamnati mai rinjaye ba ta faɗuwa a ƙuri'a saboda hujjar ɗan adawa ta fi tata ƙarfi. Abin da yake samu shi ne a rubuta ƙin amincewarsa a kundin majalisa, a ba masu zuwa kotu abin dogaro, a kuma nuna wa miliyoyin mutane cewa akwai wanda ya faɗi abin da ke ransu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga al'ummar da ke jin an mayar da ita saniyar ware, amma ba mulki ba ne. Akwai kuma matsayinsa da ke ba masu yi masa kallon ɗan ra'ayin riƙau mamaki, misali ya daɗe yana kira da a soke tallafin da gwamnati ke bayarwa a kujerar aikin Hajji, a karkatar da kuɗin ga karatun 'ya'ya mata Musulmi, bisa hujjar cewa kamfanin jirgin saman gwamnati ne ke cin moriyar tallafin. An soke tallafin a 2018.

A gida kuwa lissafin ya ci gaba da tafiya yadda aka saba. Majlis ta mara wa gwamnatin haɗaka ta Congress baya a tarayya daga 2004, ta kuma yi tafiya da gwamnatin Rajasekhara Reddy a jiha, wadda ta ware kashi 4 cikin 100 na guraben karatu da aikin gwamnati ga Musulmi masu ƙaramin ƙarfi. A watan Nuwamba na 2012 aka raba gari, sanadiyyar rikici kan wani ɗan ƙaramin wurin ibadar Hindu da ke jingine da ginin Charminar, Owaisi ya janye goyon bayansa a jiha da tarayya. Da farko jam'iyyar ba ta so a raba Andhra Pradesh ba, amma da aka ƙirƙiri jihar Telangana a ranar 2 ga Yuni, 2014, sai ta zama aminiyar babban minista Chandrashekar Rao har kusan shekara 10, da Congress ta karɓi mulki a ƙarshen 2023 kuma ba a ɗauki lokaci ba aka daidaita da sabon babban minista Revanth Reddy. A majalisar Telangana mai kujeru 119, Majlis tana riƙe da 7 a zaɓukan 2014 da 2018 da 2023, ba ƙari ba ragi, duka kuma a cikin birnin Haidarabad.

Rabuwa da Congress ta ƙara buɗe masa hanyar gwada sa'arsa a wajen jiha, kuma inda ya ci da inda ya faɗi suna bayyana iyakar tasirinsa fiye da kowane sharhi. Nasarar farko ta zo ne a zaɓen majalisar birnin Nanded a 2012, sai kujeru 2 a majalisar jihar Maharashtra a 2014, sai kuma kujerar Lok Sabha ta Aurangabad da Imtiaz Jaleel ya ci a 2019 bayan ƙawance da Prakash Ambedkar, jikan B. R. Ambedkar, wanda ya kawo ƙuri'un 'yan Dalit, wato waɗanda tsarin gadon Hindu ya ajiye a ƙasan kowa. Nanded da Aurangabad ba baƙin wurare ba ne ga Majlis, domin suna cikin tsohuwar masarautar Nizam kafin a raba ta tsakanin jihohi a 1956, ana jin Urdu irin ta Haidarabad, akwai kuma dangantakar jini da ta tarihi. Ƙawancen da 'yan Dalit bai yi ƙarko ba, kujerar Aurangabad kuma ta suɓuce a 2024.

Jihar Bihar ta fi koyar da darasi. A yankin Seemanchal da ke arewa maso gabashinta, inda talauci ya yi katutu, ambaliya ke zuwa kusan kowace damina, Musulmi kuma suka kai kusan kashi 68 cikin 100 a gundumar Kishanganj, jam'iyyar ta ci kujeru 5 a 2020. A watan Yuni na 2022, 4 daga cikin biyar ɗin suka koma jam'iyyar RJD, kuma dokar hana sauya sheƙa ba ta taɓa su ba, domin ta yi rangwame idan kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar jam'iyya suka tafi tare. Dalilin a fili yake: a Bihar babu Darussalam, babu asibiti ko kwaleji ko kansiloli da za su riƙe ɗan majalisa, kuma mazaɓarsa na buƙatar wanda ke kusa da gwamnati. Jam'iyyar ta sake cin kujeru 5 a yankin a 2025, abin da ke nuna cewa masu zaɓen suna tare da ita ko da zaɓaɓɓun sun gudu. A Uttar Pradesh kuwa, jihar da ta fi kowace yawan Musulmi, ta tsayar da 'yan takara kusan 100 a 2022, ba ta ci ko ɗaya ba, ƙuri'unta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, duk da cewa taron Owaisi na cika fili. A lokacin wannan yaƙin neman zaɓe ne aka harbi motarsa a wani shingen karɓar kuɗin hanya kusa da Hapur, ya tsira, ya kuma ƙi karɓar tsaro na musamman da gwamnati ta yi masa tayi. A Bengal ta Yamma ma bai samu komai ba a 2021.

Tsarin zaɓen ne ke haifar da wannan. A Indiya wanda ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauke kujera, ko da bai kai rabi ba, saboda haka Musulmin da yake ɗaya daga cikin kashi 20 ko 25 na mazaɓarsa ya san cewa ɗan takarar Majlis ba zai ci ba, kuma duk ƙuri'ar da ya ba shi an rage ta ne daga wanda zai iya kayar da BJP. Sai ya je taron Owaisi ya yi tafi, ya ajiye jawabinsa a waya, ranar zaɓe kuma ya dangwala wa Samajwadi ko Trinamool. Inda Musulmi suka yi rinjaye ne kaɗai wannan tsoro ke gushewa, kuma irin waɗannan mazaɓu kaɗan ne a ƙasar.

Daga nan ne zargin da ya fi bin sa ya taso, cewa shi mai raba ƙuri'a ne, har 'yan Congress kan kira jam'iyyarsa 'yan wasan ajiya na BJP. A ganina zargin ya kasu gida biyu, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Idan ana nufin alƙaluma, hujjar ba ta da ƙwari, domin jam'iyyar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba a jiha mai kujeru 403 ba ita ta ba BJP rinjaye ba, kuma Congress ta sha kaye a jihohi da dama da Majlis ba ta tsayar da ko mutum ɗaya ba. Akwai ma rashin adalci a cewa kowace al'umma tana da damar kafa jam'iyyarta, Musulmi kaɗai ne za a ce su zauna su riƙa ba da ƙuri'a ba tare da neman kujera ba. Amma idan ana nufin yanayin da siyasar ke gudana a ciki, to akwai abin dubawa. Duk lokacin da aka zaunar da Owaisi da kakakin BJP a gidan talabijin suna musayar yawu kan masallaci da wurin bauta, ɓangarorin biyu ne ke cin riba, masu asara kuwa su ne jam'iyyun da ke ƙoƙarin haɗa Hindu da Musulmi a inuwa ɗaya. An ga haka a zaɓen majalisar birnin Haidarabad na 2020, inda BJP ta yi yaƙin neman zaɓe da sunan Owaisi da Nizam, ta tashi daga kujeru 4 zuwa 48 cikin 150, Majlis kuma ta riƙe 44 ɗinta ba ta yi asarar komai ba.

Akwai wasu soke-soken da suka fi wannan wuyar amsawa. Jam'iyyar tana hannun gida ɗaya tun 1957, daga kaka zuwa uba zuwa ɗa, kujerar Haidarabad kuma ba ta bar gidan ba tun 1984. A tsawon wannan lokaci yammacin birnin ya zama cibiyar kamfanonin kwamfuta na duniya, da manyan gine-gine da tituna masu faɗi, tsohon birni kuwa yana fama da cunkoso da rashin aikin yi da yaran da ke barin makaranta, kuma jirgin ƙasan cikin gari da ya fara aiki a 2017 ya tsaya a bakin kogin Musi, aka jinkirta ɓangaren da zai ratsa tsohon birnin shekara da shekaru. Majlis takan ce ba ta taɓa riƙe gwamnati ba, wannan kuma gaskiya ne, sai dai wanda ya yi abota da kusan kowace gwamnati ba zai wanke hannunsa tas ba. Sannan akwai bambanci tsakanin harshen da Asaduddin ke magana da shi a Delhi da wanda ake ji a dandalin dare na tsohon birni. Wani jawabi da Akbaruddin ya yi a garin Nirmal a ƙarshen 2012 ya sa aka kama shi bisa zargin tunzura jama'a, kotu ta wanke shi a 2022, amma har yau abokan hamayya na yawo da faifan.

Shi kansa Asaduddin ya fi son a gan shi a matsayin mai kare kundin tsarin mulki, kuma yana yawan ambaton Ambedkar da ya jagoranci rubuta shi. Bayan harin Pahalgam na ranar 22 ga Afrilu, 2025, wanda ya hallaka mutum 26 a Kashmir, yana cikin waɗanda suka fi caccakar Pakistan, kuma gwamnatin Narendra Modi, wadda yake suka dare da rana, ta sa shi cikin tawagar 'yan majalisa da ta tura Saudiyya da Kuwait da Bahrain da Aljeriya don bayyana matsayin Indiya. Kowane ɓangare ya samu abin da yake so: gwamnati ta samu fitaccen Musulmi mai iya magana da zai tsaya mata a ƙasashen Larabawa, shi kuma ya samu amsa ga masu tuhumar kishin ƙasarsa. Shekara guda kafin nan, wannan mutumin ne ya rufe rantsuwar kama aiki a majalisa da jinjina wa Falasɗinu, 'yan BJP suka yi ca, aka share kalmar daga kundin zaman.

Abin da zai iya sauya wannan lissafi ba a hannun masu zaɓe yake ba, yana hannun masu zana taswira. Tun shekarun 1970 aka daskarar da yawan kujerun da kowace jiha ke da su a Lok Sabha, aka kuma tsawaita dakatarwar har zuwa ƙidayar farko da za a yi bayan 2026, ita ma dokar kujerun mata an ɗaura fara aikinta ne a kan sabon shata mazaɓun. Jihohin kudu, ciki har da Telangana, waɗanda suka rage yawan haihuwa, suna fargabar cewa kasonsu zai ragu a gaban jihohin arewa masu yawan jama'a. Ga Owaisi batun ya fi haka kusa, domin iyakokin 2008 ne suka mayar da Haidarabad kujerar da ba a iya ƙwacewa, kuma hukumar da za ta sake zana su tana iya haɗa tsohon birni da wasu unguwanni, ko ta raba shi gida biyu, ko kujerar ta faɗa cikin waɗanda za a keɓe wa mata.